Dunƙulen Gwaji

Wani ne aka ɗauka aiki a kamfaninmu, inda muke ƙera sandunan ƙarfen da ke juya tayar tirela. Ya zo da takardun makaranta har uku a cikin leda. Ni da na dira ta tagar aji tun ina aji biyu ban sake komawa ba, kallo ɗaya na yi masa na san Allah ya kawo mana abin dariya.

Manaja ya ce gwajin mako guda za a yi masa. In ya iya aiki ya zauna, in bai iya ba ƙofa a buɗe take.

Aikin kuwa awon taurin ƙarfe ne. Manaja ya buɗe wata 'yar jaka, ya fito da na'ura kamar ƙaton biro mai waya.

Ya ce, "Ka dafa bakinta a jikin sanda, ka danna nan. Wani ɗan ƙwallo kamar kan ashana zai bugi ƙarfen ya dawo, lamba ta fito. Ɗari bakwai zuwa sama, sanda ta ci, koren fenti. Ƙasa da haka jan fenti, ta koma wuta."

"Wannan fa, ranka ya daɗe?" Ya nuna wani dunƙulen ƙarfe mai sheƙi a cikin jakar, kamar gwangwanin kifi.

"Dunƙulen gwaji ke nan. Kullum da safe ka fara bugunsa. In ya ba ka ɗari bakwai da tamanin, na'urar lafiyarta ƙalau. Ka gane?"

"Ai mun yi wannan a makaranta."

Ya bugi dunƙule, ɗari bakwai da tamanin. Ya bugi sandar farko, ɗari biyar da goma. Ja. Ta biyu, ɗari biyar. Ja. Kafin azahar ya yi wa ashirin jan fenti.

Sai ga mai tanderu, wanda ke gasa sandunan su yi tauri. Ƙato ne, wuta ta daɗe da cinye masa gira. Ya tsaya a kan mutumin har inuwa ta rufe shi.

"Kai ne sabon mai biro?"

"Ni ne, yayana."

"Shekara goma sha shida ina gasa ƙarfe. Kai ka zo jiya, yau za ka ce gashina bai yi ba? Na sake ganin ja ɗaya, da kai zan haɗa in mayar wutar."

Ya tafi. Mutuminku ya zauna a kan akwati, gumi har cikin takalmi. Na ajiye amalanken da nake turawa, na matso da fuskar tausayi.

Ya ce, "Ɗan'uwa, duba min. Wannan ɗan dunƙulen kullum sai ya ci. Waɗannan manya-manyan kuma sai faɗuwa. Me ya sa?"

Na ce, "Kai da ka yi karatu? A aji, in daƙiƙi yana son ya ci jarrabawa, ina yake zama?"

"Kusa da mai ƙoƙari."

"To."

Wallahi iyakar abin da na faɗa ke nan. Sauran duk ilminsa ne.

Ya ɗauki dunƙulen ya ɗora a kan sanda, ya dafa na'ura a kan dunƙulen, ya danna. Ɗari bakwai da tamanin! Ya yi kabbara. Ya ɗora a kan ta gaba. Ɗari bakwai da tamanin! Ashirin ɗin nan da ya yi wa ja, ya bi su da tsumma ya goge, ya mayar da su kore.

Daga nan abu ya zama biki. Ya auna ƙofa, ta ci. Ya auna butar maigadi, ta ci. Na miƙa masa silifas ɗina, ya aza shi a kan benci ya ɗora dunƙule. Ni da ban taɓa cin jarrabawa ba a duniya, ranar takalmina ya ci.

Mai tanderu ya fara kiransa injiniya, har shayi yake kawo masa. A kwana huɗu ya gama sanda ɗari uku, babu ja ko ɗigo. Manaja ya dafa kafaɗarsa ya ce gobe masu kayan za su zo, suna ɗauka zai sa hannu a takardarsa ta zama dindindin.

Washegari injiniyar masu kayan ta iso, wata dattijuwa mai tabarau, ba ta da yawan magana. Ta fito da tata na'urar, ta bugi sanda ɗaya. Ɗari biyar da goma. Ta bugi wata, ɗari huɗu da casa'in. Ta cire tabarau ta dubi manaja. Manaja ya dubi mai tanderu. Mai tanderu ya dubi rufi.

Sai mutuminku ya yi murmushi ya matso.

"Hajiya, ba haka ake yi ba. Ɗan matsa ki gani."

Ya zaro dunƙule daga aljihu, ya hura masa iska, ya goge da gefen riga, ya ɗora, ya danna. Ya juyo mata da lambar kamar mai nuna hoton ɗansa.

Ni ina bayan amalanke na cusa hula a baki.

Ta ce, "Bawan Allah, wanne za mu sa a tirela? Na saman ko na ƙasan?"

"Duka biyun, Hajiya. Ba a raba su."

Manaja ya cafki kwalarsa. "Kai! Sanda ɗari uku! Ɗari uku ka aunar min da dunƙule guda ɗaya tal? Faɗa min dalili ɗaya da zai hana ni korarka yanzun nan!"

Mutuminku ya gyara kwala ya ce, "Ranka ya daɗe, ai maganar da nake so in yi maka ke nan tun jiya. Kafin Hajiya ta kwashi kayanta, sai an sayo mana ɗari biyu da casa'in da tara."