Yaƙin Ilu Mai Fenti da Rundunar Tsatsa

Wannan tarihin Ilu ne ɗan Barau maƙeri, jikan Jatau mai zuga-zugi, tattaɓa-kunnen wanda aka ce shi ya fara kafa uwar maƙera a Tudun Wada; Ilu sadaukin masu fenti, garkuwar ƙyauren ƙarfe, dodon tsatsa, wanda buroshi bai taɓa suɓuce masa ba sai sau biyu, su ma zazzaɓi ne.

Bayan haka, a zamanin da gwarzon ya yi wata uku rabonsa da aikin da ya wuce ƙofar akurkin kaji, wani attajiri ya yi shelar neman mai fente masa ƙyaure arba'in a otal ɗinsa na bakin teku a Legas. Ya gindaya sharaɗi: kowa ya fente fallen ƙarfe ya kai ɗakin gwaji, a kulle shi kwana ashirin da ɗaya cikin akwati mai fesa raɓar ruwan gishiri irin ta teku, wanda tsatsa ta fi jin tsoron nasa shi ne da aiki.

Ilu ya yi ɗamara, ya shafa wa fallensa fenti hannu uku masu alfarma, ya kai wa Malama Rakiya mai kula da akwatin. Ba gaira ba dalili, a ganinsa, ta zaro wuƙa ta tsaga fentin zane biyu a gicciye har ƙarfe ya bayyana. Ransa ya ɓaci matuƙa, gara a ce shi ta yanka, amma ya danne saboda shi mutum ne mai ladabi. Da ta fita ɗebo gishiri, sai ya zare ɗan buroshi da 'yar kwalba daga aljihu, ya yi wa raunin magani cikin hikima da shaja'a, ya saka fallen a akwati da hannunsa.

Aka ja daga. Kwana ashirin da ɗaya raɓa tana kai farmaki, gwarzo yana zaune a benci kowace safiya yana kirari: "Tsatsa, kin tarar da ɗan Barau!"

Ranar buɗewa, fallayen abokan hamayya suka fito da jan hawayen tsatsa a bakin zanensu. Na Ilu kuwa fes. Malama Rakiya ta juya shi, ta sake juyawa.

"Malam Ilu, ina zanen da na yi?"

"Ai na gyara miki shi tun ranar, Malama. Gidanmu ba a barin aiki da tabo."

"Zanen nan shi ne gwajin. Ta nan ake ganin ko tsatsa za ta bi ƙarƙashin fenti. Sai dai a sake, kwana ashirin da ɗaya."

Attajirin kuwa washegari ya ba wani aikin.

Aka miƙa wa Ilu fallensa, ya kawo shi gida ya toshe ɓular ƙofar akurki da shi. Masana tarihi sun tabbatar har yau tsatsa ba ta kusance shi ba, duk da wasu mahassada na cewa babu teku a Tudun Wada.