Ranar da Malam Bappa Ya Sa Na Gyara Hula

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na amsa wa mamaci "na'am" a lasifika ba, ko da mutanen Jalingo za su yi mini alfarma su manta, abin da na san ba za su yi ba.

Ƙarshen shekarun casa'in ne, zamanin soja, ina ƙaramin ma'aikaci a ɗakin kwamfuta na wata ma'aikatar jiha. Sunan ne kawai ya yi girma. Kwamfutoci 'yan ƙalilan ne, da fanka mai kuka, da shugabanmu Malam Bappa, wani dogon Bafillace mutumin Iware da ba ya son hayaniya. Shi ya samo wata manhaja a kan tarin ƙananan faya-fayai daga wajen wani abokinsa malamin jami'a, ya yi ta fama da ita har ta zauna daram a kan na'urorinmu. Ya ce mini manhaja mai 'yanci ake ce mata, wato wadda aka bar cikinta a buɗe. Kowa yana iya leƙawa ya ga yadda aka rubuta ta, ya gyara abin da bai yi masa ba, ya ba maƙwabcinsa, ba sai ya roƙi kowa ba. Ni dai kai nake gyaɗawa. (Gyaɗa kai na ƙware a kansa tun ina firamare, kuma ya kai ni wuraren da ilimi bai kai ni ba.)

Malam Bappa bai taɓa kirana da sunana ba. "Minyam" yake ce mini, wato ƙanena da Fillanci. Kuma da yake ni mutum ne mai garaje, ina danna maɓalli kafin in karanta, kullum maganarsa ɗaya ce: "Minyam, sese-sese." Sannu-sannu ke nan.

Ana nan sai wani ɗan kwangila ya zo daga Legas da shawarar a goge duk abin da ke kan na'urorinmu, a sa manhajarsa wadda ba mai ikon buɗe cikinta. Aka shirya taro a kan batun, aka ce Malam Bappa zai yi jawabi a kan manhaja mai 'yanci, daga nan Babban Sakatare ya yanke hukunci. To amma Malam Bappa ya jima ba shi da lafiya. Yana ramewa, yana zuwa aiki, har bayan an tashi yakan rufe ƙofa ya zauna shi kaɗai yana ƙwanƙwasa maɓallai. Kafin ranar taro Allah ya karɓi abinsa. Ina sahun gaba a sallar jana'izarsa, da hannuna na zuba ƙasa, kuma na yi kukan da ban zaci ina da shi ba.

Bayan sadakar bakwai daraktarmu Madam Rifkatu ta kira ni ofis. Ta ce, "Kai ne za ka tsaya a wuri na Bappa. In ka yi wasa, za su goge aiki na shi duka, kamar bai taɓa zama a nan ba." Na buga ƙirji na ce ta bar komai a hannuna. (Ban san inda nake samo irin wannan ƙarfin hali ba, amma duk lokacin da ya zo mini sai na ji kunya daga baya.)

Na haddace bayanin kamar karatun allo, na yi ta gwaji a kan tawa kwamfutar. Ta Malam Bappa kuwa tana kusurwa, an lulluɓe ta da wani farin ƙyalle tun ranar da ya rasu, ba mai taɓa ta. Ni ma ba na son kallon wajen. Amma ita ce mai lafiya a cikinsu, don haka ranar taro dole ita aka ɗauka zuwa zaure, da ƙyallenta da komai, mutum biyu suna riƙe da ita. Da na ga yadda suka fito da ita kamar gawa, sai na kau da kai.

Damina ce. Tun hantsi hadari ya taso daga kan duwatsu ya rufe gari, rana tsaka ta koma kamar magariba. Aka ɗauke wuta, aka tayar da janareto, ƙwayayen lantarkin zauren suna haske suna dushewa kamar masu numfashi. Zaure ya cika da daraktoci da malaman kwaleji da 'yan jarida. Babban Sakatare yana kan babban tebur, ɗan kwangila yana gefe da kwat ɗinsa yana murmushi. Ba mu da na'urar haska rubutu a bango, saboda haka aka shirya cewa duk abin da ya fito a fuskar kwamfuta ni zan karanta wa jama'a a lasifika. Ku riƙe wannan, a nan asirina ya tonu.

Farkon jawabi ya tafi lafiya lau. Na ce ilimi ba a kulle shi a akwati. Na ce wannan manhaja kowa zai iya buɗe ta ya canza ta yadda yake so, har ya sa ta yi magana da harshensa. Aka tafa. Kaina ya kumbura. Na yaye ƙyallen nan, na kunna kwamfutar marigayi, baƙin allo ya bayyana da ɗan farin ɗigo yana ƙyaftawa. Na ce, "Yanzu zan ba ta umarni, ku ji amsar da za ta bayar." Na buga da garajen da na saba, na yi kuskure, rubutu ya fito, ni kuma bakina ya riga ƙwaƙwalwata. Na karanta da ƙarfi:

"Minyam, sese-sese. Ba haka na nuna maka ba."

Sai da maganar ta dawo mini daga lasifikan bango na ji abin da na faɗa. Rabin mutanen wurin sun san mai wannan magana, kuma sun san inda muka kai shi. Na ce a raina idona ne. Na sake bugawa, yatsuna suna karkarwa, na sake yin kuskure. Wallahi ban yi niyyar karantawa ba, amma bakin ya riga ya saba:

"Ka sake. Hannunka rawa yake yi ne?"

Wata mata a baya ta ce, "Yesu!" Wani dattijo ya fara a'uziyya a bayyane. Madam Rifkatu ta miƙe rabin miƙewa ta ce, "Kai, wane ne yana rubuta wannan?" Sai ga wani layi ya ƙara fitowa. Wannan kam a raina na karanta shi: "Gyara hularka, mutane suna kallo."

Na kai hannu kaina. Hular ta karkace, ta kusa faɗuwa.

Jama'a, a gaban Babban Sakatare da 'yan jarida, na gyara hula, na rusuna wa kwamfuta, na ce a lasifika, "Na'am, Malam." Daga nan hankalina ya gudu gaba ɗaya, na ƙwala, "Wallahi na yi maka salla! Ina sahun gaba, a tambayi kowa!" Na juya da gudu, ƙafata ta harɗe da waya, na fizge ta tun daga tushe. Kwamfuta ta mutu, lasifika ta mutu, fitilun babban tebur suka mutu, kuma daidai lokacin aka yi wata tsawa. Abin da ya biyo baya ban gan shi ba, labari aka ba ni. An ce ɗan kwangila ne ya fara kai wa ƙofa, kuma wani darakta ya fita ta taga da babbar rigarsa. Ni dai a gindin wani mangwaro aka same ni, cikin ruwa, da takalmi ƙafa ɗaya.

Washegari ban so zuwa aiki ba, amma Madam Rifkatu ta aiko mota. Ta zaunar da ni gaban kwamfutar da rana tsaka, ƙofa a buɗe, ta ce, "Ba kai ka ce kowa yana iya buɗe ciki na shi ba? Buɗe mu gani." A karon farko a rayuwata na yi abin da na tsaya ina yi wa mutane wa'azi a kansa. Na buɗe. Ga maganganun nan a jere. Duk inda manhajar take faɗin an yi kuskure da Turanci, Malam Bappa ya goge ya sa nasa, da Hausa da Fillanci, yadda yake yi mini magana. Aikin da yake yi ke nan bayan an tashi. Ya san tafiya zai yi, ya san ni zan gaji kujerar, ya kuma san irin kurakuran da zan yi tun kafin in yi su. Har da wanda zai fito in na kashe ta yadda ya kamata: "Yau ka yi daidai, minyam. Je ka ci abinci." A nan na kifa kai na yi kuka, Madam ta yi kamar tana duba taga.

Aikin Malam Bappa kuwa ba a goge shi ba. Ba don jawabina ba, kada in yi muku ƙarya. Yaran ɗan kwangila ne suka ce ko nawa za a ba su ba za su taɓa "kwamfutar mamaci" ba, Babban Sakatare kuma da ya ji bayani ya ce, "Injin da ya iya Fillanci a bar shi." Ni kuma na shekara ba mai gaishe ni a sakatariya sai da "Na'am, Malam."

Na koyi cewa kafin ka ce wa mutane su buɗe abu, ka fara buɗe shi da kanka, kuma ka karanta a zuci kafin ka karanta a lasifika. Sai dai akwai abu ɗaya. Na yi shekaru ina laluben cikin manhajar nan, na ga duk saƙonninsa, amma na hular ban taɓa ganinsa ba. Madam ta ce yana nan, ni ne ban iya nema ba, kuma mai yiwuwa gaskiyarta ne. Amma har yau, in zan kunna kwamfuta, ko ta wace ce, sai na fara gyara hulata.