Likitan Tsatsa Ya Ɗaga Gizago

Duk garin Karaikudi babu masani kamar Meyyappan. In ba ku yarda ba ku tambaye shi. Mu 'yan layin, Likitan Tsatsa muke ce masa, shi kuwa ya ɗauka yabo ne, har ɗan rusunar da kai yake yi. Tun da ya bar aikin buga hatimi a ofis ya miƙa rayuwarsa ga tsofaffin kayan sassaƙa. Zarto mai giɓi, kurfi, guduma, awartaki, duk ƙarfen da wata tsohuwa ta wurgar bayan gida, shi ɗansa ne na cikinsa. Falo ya cika da akwatunan gilashi, matarsa Umayal sai a bakin murhu take karɓar baƙi.

Ku zo ku ga yadda yake gane kaya! Zai zura farar safar hannu, ya ɗauko gilashin nan mai ƙara girma, ya shinshina ƙarfen, ya ɗan lasa, ya lumshe ido.

"Wannan tsatsar ta zamanin kakannin kakanni ce. Ba kowane harshe ke ganewa ba."

Ran da Umayal ta dirje wani kurfi da tsamiya da toka har ya yi ƙyalli, mutumin nan zaman makoki ya yi. Ya ƙi cin abinci sai da yamma.

"Kin kashe tarihi, mace!"

"Ka ji, tarihin naka ne ya ɓata min farin zane."

Amma abin ƙaunarsa wani gizago ne baƙi ƙirin. Wai da shi aka sassaƙa tsohuwar karusar haikali. Wa ya faɗa masa? Shi ya faɗa wa kansa, kuma bai taɓa kama kansa da ƙarya ba. Kullum yana shafa masa man kwakwa kamar jariri. Ƙwari sun huhhuda ƙotar, ya bi ramukan ya toshe da kakin zuma, ya goge har tana ɗaukar ido. A canza ƙota? Sai dai a canza masa wuya.

To abu ɗaya ne ya hana shi barci. Duk shekara a bikin kayan aiki, ƙungiyar masassaƙa na yafa wa mutum ɗaya mayafin siliki, a kira shi uban sana'a. Likita ya ƙwallafa rai. Har ya share wuri a bango inda zai rataye hoton. Kafinta ya kira ya buga masa ƙusar.

Ranar bikin kowa kan wanke kayan aikinsa, ya ɗiga musu ruwan sandal mai ƙamshi da jar hoda, ya sa fure, a bar su su huta. Washegari da safe mai kaya ya ɗauka ya taɓa aiki da su, don shekara ta buɗe da albarka. Likita gwani ne a rabin farko, wato hutun. Ko ɗigon ma a jikin gilashi yake yi, kada tsatsa ta ji ciwo. Bana dai ya gayyaci ƙungiyar gaba ɗaya su zo gidansa da safen nan na biyu, ya sa Umayal ta dama ƙatuwar tukunyar kunun shinkafa da madara.

Suka zo. Shugabansu, tsoho Karuppiah, yana rungume da mayafin a ninke. Likita ya hango siliki, sai murya ta buɗe.

"'Yan'uwana masu guduma! Ku hannu gare ku, ni ido gare ni. Ku kuna gajiyar da ƙarfe, ni nake ba shi daraja. Ba don irina ba, wa zai san kun taɓa zuwa duniya?"

Suka tafa, don ƙamshin kunun ya riga ya iso.

Karuppiah ya ce, "Yallaɓai, ka gama magana. Saura ka buɗe mana shekara, sai mu yafa maka." Ya miƙo masa 'yar guduma da ƙusa. "Ɗan ƙwanƙwasa kawai, al'ada ce."

Da mai hankali ne, ƙwas ɗaya, an gama. Amma Likita ya dubi gudumar kamar an miƙo masa kashin kaza.

"Uban sana'a da kayan wasan yara? Umayal, makulli!"

"Ka ji, ka rufa wa kanka asiri."

"Makulli na ce!"

Ya fito da gizagon karusa bisa tafukan hannu biyu. Aka gangaro masa da gungume tsakar gida. Ya tattare farin zanensa zuwa gwiwa, ƙafafun nan kamar sillen kara. Masassaƙa suka fara ja da baya a hankali, kowa na neman bayan ɗan'uwansa. Shi ya ɗauka girmamawa ce.

"Ku buɗe ido. Haka magabata suke yi."

Ya ɗaga sama da ƙarfinsa duka. Gizagon bai ma kai ga gungumen ba. Ƙotar ta ce ɓus, ta zama gari, ta zubo masa a ka da gashin baki. Ƙarfen kuwa ya kama hanyarsa, ya tsallake kan Karuppiah, ya faɗa tukunyar kunu, cuɓul!

Likita ya hau tari.

Umayal ta sa ludayi ta tsamo shi, ta ajiye a ganyen ayaba, madara na ɗiga. Kafaɗunta na rawa don dariyar da take dannewa.

Kuna tsammani ya ji kunya? Wa, shi? Ya karkaɗe gashin baki, ya ɗaga guntun da ya rage a hannunsa.

"Kun gani da idonku! Jabu ba ya ruɓewa haka. Wannan rasuwa ce ta asali!"

Karuppiah ya gyaɗa kai, fuska ba dariya. "Gaskiya ne, Yallaɓai. Babba ne ya rasu a sana'a. Ba ma bar shi a tsirara ba."

Likita ya riga ya gyara kafaɗu, ya miƙo wuya. Tsohon ya warware silikin, ya wuce ta gefensa, ya durƙusa, ya lulluɓe gizagon.