Korau, Ɗaki Mai Taya da Giwar Iya

A Kukar Jatau, gidan ƙarshe kafin a faɗa gonaki, nan Korau yake zaune da mahaifiyarsa Iya Tasalla da matarsa Hajo. Ya ba arba'in baya, ga ƙarfi ga ladabi, ba a taɓa jin ya yi musu da kowa ba. Abu ɗaya ne da shi, abin da aka ce masa shi yake yi, ba ƙari ba ragi. Shi ya sa a gidan ba a ba Korau aiki sai an haɗa masa da inda zai tsaya. Hajo ba ta cewa, “Malam, a ɗebo ruwa.” Sai dai ta ce, “A ɗebo tulu uku, a zuba a randa, sannan a zauna.” Tun tana amarya ta koyi wannan, ranar da ta tarar da ruwa har cikin takalmanta.

Zailani ɗan yayan Korau ne. Shekara bakwai yana Fatakwal yana walda, sai ga shi tsakiyar damina da wata tsohuwar bas da ya cire wa kujeru, ya kafa mata gado da risho da tankin ruwa, ga tanti a naɗe a sama. Mutanen gari suka sa mata suna ɗaki mai taya. Kwana uku da dawowarsa zama ya ishe shi. Ya tsuguna gaban kakarsa ya ce, “Amarya, faɗi inda kike so in kai ki.”

Cutar yana ta riga ta ci idon Iya, abin da ya wuce taku biyar hayaƙi ne a wurinta. Ta ce, “Maigida, kakanka ya ce mini ya taɓa ganin giwa, wai ta fi rumbunmu girma. Shekara arba'in ina ce masa maƙaryaci har ya rasu. Ka kai ni in gani kafin idon nan ya rufe, in san ko ni ce zan nemi gafara in mun haɗu.”

Aka shirya tafiya gandun namun daji da ke can gabas, Korau zai bi su don ɗauke-ɗauke. Hajo ta ja Zailani gefe za ta tuna masa ƙa'idar gidan, ya ce ya sani, yana duba taya.

Wata rana, ana gobe tafiya, Zailani ya ce, “Baffa, duk abin da Iya take amfani da shi kullum a sa shi a mota.” Ya tafi sayen mai. Da ya dawo ya tarar da turmi a kan gado, da tabarya, da duwatsun murhu uku da tokarsu, da ƙyauren ɗakin Iya a jingine. Korau kuma yana bayan gida da fartanya, yana zagaya ramin masai yana nazari.

“Baffa, me kake yi a nan?”

“Shi ne ban gane ta inda zan ɗaga ba.”

Aka sauke komai, ban da ƙyauren. Iya ta ce a bar mata shi, ba ta taɓa kwana nesa da shi ba.

Wata rana a hanya suka ya da zango gindin wani dutse, hadari yana haɗowa. Zailani ya baza tanti, ya miƙa wa Korau igiya ya ce, “Riƙe nan, kada ka saki.” Ya shiga mota neman turaku. Iska ta taso. Da ya fito babu tanti, babu baffa. Ya bi sawun ja a ƙasa, ta cikin gyaɗar wani, ta cikin geron wani, har gindin wani gawo. Tanti yana can reshen sama yana kaɗawa. Korau yana ƙasa, laka har gira, hannu biyu a kan igiya.

“Ka ji ciwo?”

“Igiya tana nan,” in ji Korau.

Wata rana, sun riga sun shiga gandun, aka haɗa su da ɗan rakiya, wani dogon mutum mai ƙarancin magana, Malam Gidado. Zailani zai kai Iya ta jiƙa ƙafa a wata maɓuɓɓuga, sai ya ce, “Baffa, kada ka bar wani mutum ya shiga motar nan.” Da suka dawo Malam Gidado yana tsaye a waje da sanda, Korau ya tare shi da ƙirji. A ciki birai bakwai ne. Sun gama da kilishi, sun koma kan dambun nama, babbansu yana zaune a kujerar direba da man zafin Iya a hannu.

“Na zo in kore su, ya hana ni,” in ji Gidado.

Zailani ya dubi baffansa.

“Shi mutum ne,” in ji Korau.

Kwana uku suna kewaya daji. Sun ga gwanki, sun ga mugun dawa da 'ya'yansa a jere, sun ga ɓauna daga nesa. Wato Zailani ya gani, Iya dai sai ta ce, “To, madalla.” Giwa ko ƙurarta. Gidado ya ce da damina ruwa ko'ina ne, dabba ba ta da dalilin zuwa inda mutum yake jira, kuma kukan injin nan ya isa ya tashe ta tun daga wata jiha. Ya ce da za a kashe mota a zauna wuri ɗaya. Zailani yakan kashe, ya yi minti biyu yana buga sitiyari da yatsa, ya ce, “Bari mu duba gaba.” Abinci ya kusa ƙarewa, ya rage musu yini ɗaya. Iya ta daina tambaya, kuma wannan ya fi damunsa.

Wata rana, ita ce ta ƙarshe, hanya ta ƙare musu a bakin wata fadama, dole a juya. Zailani ya ce, “Baffa, sauka ka duba mini baya. In zan bugi itace ka yi magana.” Korau ya sauka. “Taho. Taho. Taho.” Motar ta taho, tayoyin baya suka nutse cikin taɓo har gindi.

“Baffa, ba ka ga taɓo ba?”

“Na gani. Ba itace a ciki.”

Gidado ya ce akwai sansanin ma'aikata ba nisa, zai je shi kaɗai ya nemo masu turi. Zailani ya ce shi ba zai iya zaman jira ba, tare za su. Korau yana tsaye a ƙofar baya, tana buɗe, da kwanon dafaffiyar masara da zai miƙa wa Iya, ita kuma tana zaune bakin gado. Ran Zailani a ɓace ya ce, “Baffa, don Allah kada ka motsa, kada ka yi magana, har in dawo.”

Abin da ya biyo baya daga bakin Iya Zailani ya ji shi. Ta ce ta nemi masarar, Korau bai miƙo ba. Ta ce ya shigo ya rufe ƙofa, ko gezau. Ta zage shi, ta zagi wadda ta haife shi, ta tuna ita ce, ta yi shiru. Daji ma ya yi shiru. Can sai ta ji ana karya rassa a hankali, sai haske ya ragu a bakin ƙofa kamar hadari ya taso. Wani abu mai kama da turmi ya sauka a taɓo, sai wani. Sai wani dogon hannu ya sauko ta saman kan Korau, ya shinshina hularsa, ya shiga kwano. Taku biyu tsakanin Iya da dabbar. Ta ga gashin ido, ta ga tsagar da ke kunne. Giwa ta cinye masara ɗaya bayan ɗaya, ta ɗauki hular ta ɗanɗana, ta ajiye a kan mota, ta wuce da 'yarta a baya.

Da Zailani ya dawo da Gidado, ba su sami kowa a sansanin ba, sai ga sawu kamar faifai kewaye da mota. Gidado ya daɗe yana kallon ƙasa. Ya ce mai ɗa ce, da wani ya yi ihu ko ya ruga, da yanzu wani zancen ake yi. Korau yana nan yadda aka bar shi, kwano wayam, tururuwa tana hawa ƙafarsa.

“Baffa.”

Shiru.

“Baffa, na dawo.”

“To. Giwa ta zo.” Sannan ya sunkuya ya sosa ƙafa.

Zailani ya leƙa ciki. Iya tana gyara ɗaurin kallabi. Ta ce, “Kakanka dai maƙaryaci ne. Ina rumbu ina wannan? Rage mata ya yi.” Ta share ido da gefen mayafi. “Amma zan nemi gafarar.”

Ƙyauren ɗakinta aka shimfiɗa ƙarƙashin taya motar ta fita, aka mayar wa Iya da abinta. Zailani ya kai ta kan tudu, ya riƙe makulli, bai kashe ba, bai kuma ja ba. Yana kallon inda giwa ta kwantar da ciyawa.

“Baffa, yaya aka yi ka iya tsayuwar nan?”

“Ce mini aka yi.”

Iya ta ce, “Maigida, kashe motar. Zauna nan, kada ka motsa.”

Ya kashe. Ya ce, “Har yaushe?”

Iya ta jingina da ƙyaurenta, ba ta faɗa ba.