Barmo Jaki Da Tarar Inuwa

Shekarar da damina ta yi gardama a Dajin Ruƙuƙi, tafkuna suka ƙafe, ciyawa ta bushe tun tana tsaye, rumbun fada ma ya koma sai kuwwa. Sarki Zaki ya tara majalisa, ya tambaya ko akwai abin da ya rage a dajin da ba a sa masa haraji ba.

Kura, Ministar Walwalar Talakawa, ta miƙe ta gyara murya. "Ranka ya daɗe, inuwa. Talakawanka suna shan inuwa kara zube, ba tsari. A danƙa wa kamfanina bishiyoyin bakin hanya. Duk mai son tsayawa ya tsaya cikin mutunci, ya biya cikin mutunci. Wannan ba haraji ba ne, ci gaba ne."

Majalisa ta ɗauki tafi, aka sa hannu.

Barmo jaki ne ɗan dako, shi da 'yan'uwansa ke kai ruwa gari da fada daga rijiya mai nisa. Bai taɓa tsayawa gindin bishiyar kamfani ba, gara rana ta dafa shi. Wata ranar kasuwa yana tafe da tuluna, sai ga karnukan fada sun tare hanya, wai ayarin Sarki zai wuce. Suka ingiza shi gindin wata tsamiya, suka ce in ya motsa sai buzunsa. Tun hantsi yake nan har rana ta karkata. Ungulu, mai gadin kamfani, tana kan reshe tana kallonsa.

Washegari 'yan kamfani suka yi masa sallama a gida. Tara ce, rabin harawar da ya tara wa iyalinsa don rani. In ya yi jinkiri a ninka, a haɗa da mangalarsa.

Matarsa Tabawa ta ce, "Maigida, ka ba su kawai. Wa ya taɓa ja da Kura ya kwana lafiya?"

Ya ce, "In na ba su, ke da yara ku ci me? Ni ban tsaya ba, tsayar da ni aka yi."

Ya je ofishin kamfani ya yi bayani. Bai ma kai aya ba aka ce an duba kukansa da idon basira, an ga ba shi da gaskiya. Amma kada ya damu, yana da 'yancin ɗaukaka ƙara gaban Hukuma Mai Zaman Kanta.

Hukumar tana zama a gindin wata ƙatuwar kuka, Malam Dila ne shugabanta. Barmo ya tarar da layi har bakin hanya. A gabansa Kunkuru ne, wanda aka ci tararsa don ya daɗe kafin ya ratsa inuwar wani gawo.

"Tafiya fa nake yi," in ji Kunkuru, "suka ce a wurinsu tsayuwa ce."

Ana cikin haka aka sauke kwandon ƙasusuwa daga kamfani. Dila ya lura ana kallo, ya goge baki ya ce, "Jama'a, kada ku yi wani zato. Mu masu zaman kanmu ne. Ba mai faɗa mana abin da za mu yanke. Abincinmu kaɗai kamfani ke kawowa."

Sai bayan azahar layi ya zo kan Barmo. Ya faɗi yadda aka yi, bai ƙara ba bai rage ba. Dila ya juya ga Ungulu. "Kin ga ayarin Sarki a ranar?"

"Allah gafarta Malam, aikina in ga wanda ya tsaya, ba abin da ya tsayar da shi ba."

Taro ya fashe da dariya. Ranar kuwa akwai baƙi daga dajin maƙwabta, sun zo ganin yadda adalci ke gudana. Dila ya saci kallonsu, ya yi gyaran murya, ya ce an soke tarar Barmo, don duniya ta shaida hukumar nan ba ta tsoron kowa.

Barmo ya kasa riƙe murna, ya ɓarke da kuka irin nasu na jakai har bishiyar kukar ta amsa. Ya juya zai ruga ya gaya wa Tabawa, sai Ungulu ta diro gabansa.

"Malam Barmo, barka da nasara. Sai dai kukar nan ma ta kamfani ce, kuma tun safe kake tsaye a inuwarta."

Ya dubi Dila. Dila ya ce cikin tausayi, "Kana da 'yancin ɗaukaka ƙara. Ka dawo nan gobe da sassafe."

Barmo ya juya masa baya. Ya taka zuwa tsakiyar hanya inda ko inuwar tsuntsu babu, ya durƙusa ya kwanta a rana. Kunkuru ya lallaɓo ya kwanta kusa da shi. Akuya ta biyo baya. Jakan da ke dawowa daga rijiya suka ji labari, suka sauke tulunansu, suka kwanta. Tabawa ma da ta zo neman mijinta, ta dube shi kawai ta nemi wuri.

Kura ta zo ta yi barazana, ta yi alkawarin kafa kwamiti, ba wanda ya ɗaga kai. Ruwa ya yanke a fada. Da ƙishirwa ta kai Sarki bango, ya fito da kansa a ƙasa, ba ayari, ya tsaya kan Barmo.

"Wa zai kai ruwa fada?"

Barmo bai tashi ba. Sarki ya sake tambaya, ba wanda ya motsa. Rana ta buɗe masa wuta, gumi ya jiƙe gashin wuyansa. Ya ja da baya a hankali, ya shige inuwar kukar, ya tsaya yana haki.

Barmo ya ɗaga kai ya dubi reshen da Ungulu ke kai. Duk dabbobin da ke kwance suka dubi reshe. Ungulu ta leƙa ƙasa, ta buɗe baki, ta dubi Kura, ta mayar da bakinta ta rufe.