Ranar da Na Sauka daga Likita

Ba zan taɓa mantawa da ranar da 'yan majalisa suka zo ƙauyenmu ba, domin a ranar ne na tsaya gaban mutanen gari kaf na tuɓe wa kaina rawanin da ba wanda ya naɗa mini.

Ni ma'aikacin lafiya ne a asibitin sha-ka-tafi na wani ƙauye a gefen Makoɗa. Aikina allurar rigakafi, awon ciki, wanke ciwo da ba da maganin zazzaɓi. Ban taɓa taka makarantar likitoci ba, amma tun satin da aka turo ni mutane suka fara kirana Likita. Da farko ina gyara musu, daga baya gyaran ya koma ƙasa-ƙasa, daga nan na daina gaba ɗaya (sunan yana da daɗi a kunne, musamman ranar kasuwa). Har surukina Alhaji Sale, da ya ba ni 'yarsa, cewa ya riƙa yi ya ba likita.

Bayan annobar korona ta lafa, sai aka aiko wa dagaci cewa wani kwamitin majalisa yana zagaya ƙauyuka, zai zo ya ji yadda muka farfaɗo, yadda gwajin cutar ya gudana, da ko mutane suna samun ganin likita. Dagaci ya tara mu aka tsayar da magana ɗaya: a roƙa a turo mana cikakken likita, ko da sau biyu a sati ne. Ba roƙon wasa ba ne. A lokacin kullen korona 'yar Inna Rabi, wata tsohuwa makwabciyar asibitinmu, ta rasu a hanyar birni tana naƙudar da ta fi ƙarfina. Ni aka ɗora wa bayanin gwaji, dagaci kuma ya ɗauki roƙon.

Kwana uku kafin zuwansu na kasa zama wuri ɗaya. In rubuta jawabi in yage, in shiga ɗakin magani in manta abin da ya kai ni, in fito in tsaya bakin hanya ina leƙen motar da na san sai ranar Laraba za ta zo. Matata ta ce in haka za a ci gaba, gara in tafi gona in taya ƙannenta cirar gyaɗa, ko jikina ya samu abin yi. Ranar taron na sa farar rigar aiki da aka goge har tana ƙyalli, na rataya abin sauraron ƙirji a wuya (kunnensa ɗaya ya daɗe da toshewa, amma wa zai sani?).

A filin firamare aka yi zaman, ƙarƙashin darbejiya. Baƙin suna kan kujeru bayan tebur: shugaban kwamitin, sakatarensa mai rubutu, wasu mutum biyu, da wata mata mai gilashi da ba ta cika magana ba. Mutanen gari sun cika benci da tabarmi, surukina yana layin gaba.

Da aka kira ni, bakina ya buɗe fiye da yadda na zata. Na faɗi yadda mutane suka riƙa ɓuya a rumbu don gudun tsinken gwajin da ake zurawa a hanci, da yadda nake ɗaukar abin da aka ɗiba a babur in kai bakin titi in jira mota, sakamako kuma bai dawowa sai mara lafiya ya warke ya koma gona. Aka yi dariya, aka tafa. Kaina ya fara kumbura, sai na ji bakina yana cewa "mu likitoci" mun sha wahala ƙwarai. Sau biyu na faɗa.

Na zauna ina jin kaina a sama. Shugaban ya juya ga jama'a ya tambaya ko suna samun ganin likita in buƙata ta taso. Kafin dagaci ya gyara babbar rigarsa ya miƙe, wani dattijo ya amsa da zuciya ɗaya cewa ai ga likitansu nan, kullum yana nan. Shugaban ya ji daɗi, ya ce wa sakatare ya rubuta cewa wannan gari yana da likita, a mayar da hankali ga garuruwan da ba su da shi.

Na ga alƙalami ya hau takarda. Dagaci ya waiwayo ya kalle ni. Can gefen mata na hango Inna Rabi ta sunkuyar da kai. Gumi ya jiƙa rigar da aka sha wahalar gogewa. Na miƙe, na zauna, na sake miƙewa, har shugaban ya tambaya ko ina da ƙari.

"Ranka ya daɗe, a goge wannan layin," na ce. "Ni ba likita ba ne."

Matar nan mai gilashi ta ɗago, ashe ita ce likitar da ke ba kwamitin shawara. Cikin ladabi ta tambayi abin da na karanta, na faɗa mata, ta tambayi abin da nake yi in haihuwa ta zo da gardama, na ce mota nake nema. Ban ɓoye maganar 'yar Inna Rabi ba. Ina cikin wannan sai muryar surukina ta fito daga layin gaba, ba da ƙarfi ba, amma kowa ya ji.

"Ashe?"

Kalma ɗaya ce, amma da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige na ja ta na rufe. Wasu suka fashe da dariya, shugaban ma ya rufe baki da hannu. Aka goge layin, dagaci ya yi roƙonsa tiryan-tiryan. Da za su tafi likitar ta ce mini aikin da nake yi ba abin kunya ba ne, sannan ta nuna abin da ke wuyana ta ce in canza shi, ta lura robarsa ta tsage.

Bayan wasu watanni aka fara turo likita duk ranar kasuwa. Ba ni da tabbacin tonon asirina ne ya jawo, amma Inna Rabi ta aiko mini da fura. Surukina ya yi sati biyu yana amsa gaisuwata da ka, samarin gari kuwa suka laƙaba mini Malam Ba-likita, kuma da shi yara suke gaishe ni har yau.

Abin da na koya shi ne, in mutane suka ba ka aron suna, ka mayar musu tun kuna ku biyu a zaure. In ka bari sai gaban baƙi, to ka tabbata surukinka ba ya layin gaba.