Koren Tambarin Malam Tabbas

In ana lissafa mutanen da Allah ya hore wa sanin gaskiya daga zaune, to a fara da Malam Tabbas, a huta a sha ruwa, sannan a nemi na biyu. Shi ne ke kula da shafin intanet ɗin nan da ke nuna wa jama'ar gari inda za su kai matattun kayan lantarki a sake sarrafa su: talabijin da ta makance, wayar da batirinta ya kumbura, firjin da ya koma ma'ajiyar takalma. Takardar ɗaukarsa aiki cewa ta yi mai sabunta bayanai. Shi kuwa ya ga sunan ya matse shi a kafaɗa, sai ya sa aka rubuta masa Babban Mai Tantance Gaskiyar Wurare a ƙofar ofis. Allon ya fi ƙofar faɗi, sai da kafinta ya rage gefensa.

Laƙabin nasa daga bakinsa ya fito. Ka tambaye shi ko wuri kaza yana nan, kafin ka rufe baki ya ce, "Tabbas." Kwamfuta biyu gare shi a kan tebur. Ɗaya ta daɗe da mutuwa, amma ya hana a ɗauke ta, don mai shigowa ya san aikin ya fi ƙarfin kwamfuta guda.

Bai taɓa taka ƙafarsa ko ɗaya daga cikin wuraren da ke shafin ba, kuma da wannan yake alfahari. "Zamanin yawo a rana ya wuce," in ji shi, yana lilo a kujerarsa mai juyi. "Wanda Allah ya ba yatsa da basira, me zai yi da ƙafa? Ni daga nan nake ganin gari kamar tafin hannuna."

Ga yadda basirar take. Duk farkon wata sai ya aika wa kowane wuri saƙo: in bayananku sun canza ku sanar da mu, in ba mu ji daga gare ku ba, komai daidai ne. Masu aiki da gaske sukan amsa. Wannan ya ce ya koma bayan kasuwa, wancan ya ce ya daina karɓar firji, wani ya ce ranar Asabar da wuri yake tashi. Irin waɗannan su ke ɓata wa Malam Tabbas rai, don kowace amsa aiki ce. Sai ya shafa musu alamar ruwan ɗorawa, ya rubuta "ba su da tsayayyen hali", gyaran kuwa ya bar shi sai wani jiƙon. Waɗanda suka yi shiru su ne 'yan lelensa. Koren tambari yake buga musu, in shirun ya yi tsawo ya ƙara da taurari. Ai shiru ma magana ce, in ji shi. Bai dai taɓa tambayar kansa me shagon da ya rufe zai ce ba.

Koke-koke na zuwa, ba a rasa ba. Wata mata ta rubuto cewa ta yi dakon talabijin har wani wuri mai taurari, ta tarar da mai aski. Malam Tabbas ya karanta, ya girgiza kai don tausayin jahilcin mutane. "Ta tambayi mai askin ko yana karɓa?" ya ce. Ya tura saƙon cikin wata ma'ajiya da ya raɗa wa suna Hassada.

Inda ba ƙasa nan ake gardamar kokawa. Ƙasar kuwa surukarsa ce ta kawo masa har gida.

Marigayi mijinta mai gyaran rediyo da talabijin ne, ya rasu ya bar shagon haya maƙil da kayan da masu su ba su dawo sun karɓa ba. Mai shagon ya yi haƙuri har ya gaji, ya ce ranar Asabar da yamma yake son makullinsa. Tsohuwar ba ta son a watsar da kayan a bola yara su ƙona, don mijinta ya tsani hakan duk rayuwarsa, kuma abin yana ci mata rai. Ta riga ta shirya kiran wani mai fili a bayan kasuwa, wanda marigayin ya saba kai wa kaya.

Malam Tabbas ya ji, ya zaro waya ya duba. Ruwan ɗorawa.

"Haba Mama," ya ce, "kina da ni a gida ki kai kayan Baba wurin mutumin da kullum cikin canza magana yake? Wuri zan kai ki wanda tun da na hau kujerar nan ba a taɓa jin ko tarinsa ba. Irin wannan riƙon amana yanzu sai an tona."

Ta ce, "To, ɗana, kai ka san aikinka."

Ranar Asabar aka loda kaya a motar haya, tsohuwa ta miƙa makulli tun da hantsi, ta share hawaye ta shiga gaba. Malam Tabbas ya zauna a gefenta cikin sabon ɗinki, waya a hannu, yana ba direba umarni a kan hanyar da direban ke bi kullum.

Wuri na farko, sarkin taurari, katifu ake sayarwa a ciki. Mai katifun ya ce shi ma a hannun mai sayar da fenti ya karɓi shagon. Malam Tabbas ya ce ƙananan kurakurai ba sa rushe babban tsari. Wuri na biyu fili ne fetal, awaki na kiwo, sai wani allo mai tsatsa da ya karkace. Ya sauka da sauri ya ɗauki hoton allon. "Kun gani ko? Ga sunan nan ɓaro-ɓaro. Wurin yana nan, mutanen ne kawai ba sa nan." A na uku, bishiya ce ta tsiro ta tsakiyar ƙofar ƙarfen, har ta yi inuwar da suka tsaya a ƙarƙashinta suna jiran ya gama bayani.

Tsohuwa dai ta riƙa waiwayen kayan ta gilashin baya. Duk ramin da motar ta faɗa sai ta runtse ido.

Da rana ta karkata, direba ya daina tambayar kowa, ya juya kan mota zuwa bayan kasuwa. Suka tarar da filin a share tsaf, kaya jere iri-iri a bayan shinge, ƙofa kuwa a kulle. A jikinta an rubuta cewa ranar Asabar da azahar ake tashi. Maganar da mai filin ya aiko wa shafin ke nan tun tuni, har ta jawo masa ruwan ɗorawa.

Da wani ne, da ya nutse don kunya. Malam Tabbas gyara hula ya yi. "Ba na faɗa muku ba? Mutumin nan ba shi da tabbas."

Direba ya ce shi fa yana da wani lodin, a faɗa masa inda zai sauke. Shago ya koma hannun mai shi. Tsohuwa ta dubi surukinta a hankali ta ce, "Ɗana, ai na ga ƙofar gidanka da fili."

Nan aka jibge kayan, tun daga bakin ƙofa har gindin taga. Kashegari da safe aka tarar tsibin ya haihu: dutsen guga, fanka marar kai, butar lantarki. Maƙwabta sun ga kaya a ƙofar Babban Mai Tantancewa, suka ce lallai nan ne wurin gaskiyar. Ranar Litinin tsohuwa ta kira mai filin da kanta, ya zo ya kwashe kayan mijinta, hankalinta ya kwanta. Amma jama'a sun riga sun koyi hanya. Labari ya zaga unguwanni, har da masu zuwa da baro. Yara sai sun tsallake firji kafin su tafi makaranta, shi kuwa maigidan ta ƙofar baya yake fita, yana gaya wa duk wanda ya tare shi cewa wannan amincewar al'umma ce a zahiri.

Matarsa ta jure iya jurewa. Ranar da ta buɗe ƙofa injin wanki ya tare ta, sai ta same shi a falo, ta sassauta murya.

"Baban yara, wata alfarma nake nema. Don Allah ka saka gidan nan a shafinka. Ka buga masa koren tambari, ka ba shi taurarin duka."

Malam Tabbas ya ji daɗi har kunnuwansa. Ya miƙe zaune, ya yi gyaran murya. "Ashe kin fara gane darajar tambarin nan. Sai dai ki sani, ba a samunsa da sanayya. Me ya sa kike so?"

"Don mu huta," ta ce. "Kaf garin nan, duk wanda ya ga koren tambarinka a kan wuri, ba ya wahalar da kansa zuwa."